Kaset ɗin Kawu a Gonar Gero

A shekarar da batir ya yi tsada har muke shanya tsofaffi a rana, Kawu Sale, malamin makaranta, ya zaunar da ni gindin darbejiya bayan la'asar, ya kunna mini kaset ɗin wasu Turawa. Waƙa ɗaya ta cinye gefe guda.

"Daina jiran murya," in ji shi. "Bi mai gangar nan. Bakwai yake ƙirgawa, ba huɗu ba."

Na bi shi da yatsa a gwiwa. Sau uku ina ɓacewa, a na huɗu na kama. Nan batir ya mutu.

Kawu ya fita neman aro, sai ga Baba daga gona, tsuntsaye sun ishe shi. Ya ɗauki kaset ɗin yana dubawa.

"Kiɗan nan wa yake yabo?"

"Ba kowa, Baba."

"To, ya zo ya yi aiki."

Ya zare zaren kaset ɗin kaf, ya ɗaura a saman geronmu yana walƙiya.

Gero ya tsira, mun ci tuwo. Kawu ya rasu ban tambaye shi sunan waƙar ba. Har yau in haushi ya taso mini, bakwai nake ƙirgawa, ban san inda waƙar ta ƙare ba.