Basira Uku

"Madubin ne," na ce. "A juya shi ya kalli ƙofar, za ta buɗe."

Yaya ya daki tebur. "Ke Auta, jarumarki basirarta uku ce kacal. Doluwa irin wannan ba ta isa ta gano komai ba. Daga yanzu, duk abin da kika lura da shi, ba za ki faɗa ba sai kin jefa ɗan lido ya wuce sha biyar."

Wasan labari muke yi a falo. Anti, matarsa, ita ke ba da labarin, kowa da jaruminsa a takarda, da makin basirarsa da na gudunsa, ɗan lido mai fuska ashirin ke yanke hukunci. Yaya masani ya zaɓa, mai basira sha takwas. A takarda dai.

Masanin nan ya lashi ƙofa, ya rera mata waƙa, har roƙonta ya yi. Ni kuwa sai jifa nake, ina kallon taga.

"Huɗu," na ce. Can kuma, "Bakwai. Yaya, don Allah..."

"Doka doka ce!"

Na ci gaba da jifa. An daɗe kafin ashirin ta fito.

"To gwana, faɗi," in ji shi. "Mun dai san madubi ne."

"Ba shi ba ne. Tun ɗazu ruwan sama ke jibgar kwamfutarka da ka bari a baranda."

Ya zabura. Anti ta tare shi da ɗan lido.

"Maigida, gudunka biyu ne a takarda. Jefa tukuna."