Gadon Inna

Son jiki ne ya kai Mamuda ya baro. Tun da asibiti suka liƙa na'ura mai jin numfashi da bugun zuciya daga nesa a saman gadon mahaifiyarsa a gida, tana turo masa rahoto ta waya, ya daina zuwa dubiya, ƙato da shi.

Ranar Laraba ƙanwarsa ta kira: "Yaya, taho, jikin Inna ya rikice."

Ya duba waya, ya ga kore shar, alamar lafiya lau. "Ke kin fi na'ura sani ne? Zuciyarta kamar ta budurwa!" Ya kashe wayar.

Ta budurwar ce kuwa. Baƙuwa aka yi, Inna ta bar mata gado yadda ta saba, ta koma tabarma.

Kafin sakaran ya iso an dawo daga maƙabarta. Bai sami yafiyarta ba, bai sami sallarta ba, ko makarar bai taɓa ba.