Kaskon Yagana

Tun da mijinta ya rasu, shekara biyu ke nan, Yagana ba ta sake zuba turaren wuta a kasko ba, ita da duk unguwar Kara-Kara aka san ta da iya haɗa shi. Yau tana tsaye bayan labulen zaure, tana jin yayanta Mala Ari yana sallamar Lawali, manomin Tirmini da ya zo neman aurenta.

"Mu mutanen Barno ne, Malam Lawali," in ji Mala Ari. "Wadda ta auri babban ma'aikacin duwan, mai karɓar harajin kan iyaka, ba za ta koma ƙauye surfen hatsi ba. Ka yi haƙuri."

Lawali ya sunkuyar da kai. Shi ma ya binne tasa matar, bai da ƙarfin musu. Ya yunƙura zai tashi.

Yagana ta ɗebo garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren da ta ɓoye a ƙasan akwati. A gidansu mace ba ta ajiye wa namiji kasko sai mijinta. Ta ɗaga labulen, ta dire kaskon a gaban Lawali.

"Kin san abin da kika yi?" Mala Ari ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Na sani, Yaya. Na yi takabata, ban tauye wa marigayi haƙƙinsa ba. Auren fari ku kuka zaɓa mini, na gode. Wannan nawa ne."

Lawali ya ɗago, suka haɗa ido. Ya koma ya zauna, ya buɗe babbar rigarsa bisa kaskon, hayaƙin ya shige ciki.