Maharbin da Ya Buga Kwanon Dusa

Tun da ka ce albashin ya yi maka, aikin ne zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, gyara zama in ba ka misalin wani maharbi.

Mutumin nan ya gaji baka da kwari a wurin ubansa, ya kuma gaji ƙa'idar gidansu: dabbar da ta ci a hannunka ta zama amana, ba a ɗana mata kibiya. Yana ji yana gani daji ya ƙare. Gonaki suka cinye kurmi, gwanki ya zama sai labari, kuma ya san da hannunsa a ciki, don a ƙuruciyarsa bai taɓa barin na gobe ba. Ana nan sai wani attajiri ya kewaye makeken fili da waya, ya sayo gwanki da kanki da barewa daga nesa ya zuba, ya shiga neman mai kula da su. Bai ɓoye wa maharbin komai ba. Ya ce baƙi za su riƙa zuwa su biya su harbi manyan mazan saboda ƙaho, da abin da suka biya za a ciyar da sauran garken. Maharbi ya dubi rumbunsa, ya dubi iyalinsa, ya ce ya yarda. A ransa cewa ya yi, ai farauta farauta ce, mai bindiga ya bi sawu, dabba ta yi ta kanta.

Shekarar farko rani ya yi tsanani. Ciyawa ta ƙone, waya kuma ta hana dabbobin gangarawa fadama kamar yadda iyayensu ke yi. Tausayi ya kama shi. Kullum da safe sai ya ɗebo dusa da kanwa a wani tsohon kwano, ya juye musu, ya bubbuga kwanon da sanda. Da farko daga nesa suke leƙe, kunnuwa a miƙe. Kafin damina ta faɗi sun san ƙarar. Akwai wani gwanki a cikinsu, ƙahoninsa sun lanƙwashe baya kamar lauje, shi ne kullum a gaba, har ta kai yana hura wa maharbin ɗumin numfashi a tafin hannu.

Wannan gwankin wani baƙo ya zo nema daga wata ƙasa, dattijo mai fara'a, wanda ya daɗe yana tanadin tafiyar. Suka yi ta zagaya filin ba su gan shi ba, don ya shaƙi warin baƙi ya shige sarƙaƙiya. Ranar komawar baƙon ta zo. Attajiri ya ja maharbi gefe ya ce, "Baba, ɗauko kwanon."

"Ranka ya daɗe, kwanon nan na abinci ne."

"Na sani, Baba. In mutumin nan ya koma hannu rabbana, dusar gobe da me za mu saye ta?"

Maharbi ya ɗauko kwanon da sanda. Ya tuna ubansa. Ya tuna 'yan maruƙan gwankin da aka haifa bana, irin da ya yi zaton idonsa ba zai sake gani ba. Sannan ya buga. Sarƙaƙiya ta motsa, gwankin ya fito da ɗan sassarfa, kai a sama, ya nufo shi kamar kowace safiya. Bindiga ta tashi. Maharbi ya jefar da kwanon ya ruga, ya yi bisimilla ya yanka don kada ya zama mushe, yana yi yana kau da fuska daga idon dabbar. Baƙo ya ɗauki hoto, ya karɓi kai da ƙaho, ya riƙe hannun maharbin yana yabon gwanintarsa. Naman aka raba a ƙauye, gidajen da rabonsu da nama tun layya suka ɗora tukunya. 'Ya'yansa suka ci suka ƙoshi. Shi kuwa bai taɓa naman ba.

Washegari yunwa ba ta san an yi rashi ba. Ya ɗebo dusa, ya buga kwano, sauran suka taho da gudu, ko ɗaya bai noƙe ba. Wannan ya fi harbin yi masa ciwo. Bai bar aikin ba, garken kuma ya yi ta ƙaruwa a hannunsa. Amma daga ranar, in maharba sun taru makaɗi ya kira sunansa don ya tashi ya yi kirari, sai ya sunkuyar da kai ya ce a wuce.

Ban ce attajirin mugu ne ba, ban kuwa ga laifin mai neman abincin iyalinsa ba. Sai dai kwanon nan tun ranar da maharbin ya ce ya yarda ya buga shi. Don haka ka dubi aikin har gindinsa kafin ka miƙa hannu, gama Hausawa sun ce, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.