Rabin Ƙwaya

Tun da aka kafa dokar gwajin magani ta hanyar ƙuri'a, duk mai shaye-shaye ana ba shi ƙwayar daina shaye-shaye. Wasu maganin gaske, wasu garin rogo, ba wanda ya san nasa. Shi ya sa kullum Tasallah da sauran matan layin suke tsaga ƙwayoyin 'ya'yansu da reza, su yi musaya. Wace uwa ce za ta bar ɗan maƙwabciya da rogo?

Yau ta je karɓo wa ɗanta Tanimu, ma'aikaciyar asibiti ta maido mata kwalbar wayam.

"An daina, Inna. An gwada ɓangarorin biyu, masu magani da masu rogo, babu bambanci. Maganin ba ya aiki."

"Haba 'yar nan, Tanimu fa har ya fara cin abinci."

"Kowace uwa haka take cewa. Matsa, akwai na baya."