Maginiyar da Addu'a Ta Ƙi Fita Bakinta

A wani ƙauye da ke gindin dutse an yi wata mata maginiyar tukwane. Randa, tulu, kaskon tuya, har tukunyar kiɗan da matan zumunta ke bugawa a coci, duk daga hannunta suke fitowa. 'Yarta ɗaya ce tilo. Ta aurar da ita, haihuwar fari ta zo, naƙuda ta yi tsanani. Uwar ta yi azumi, ta durƙusa har gwiwoyinta suka yi kanta, ta roƙi Ubangiji da duk kalmar da ta sani. 'Yar ta rasu, abin da ke cikinta ma bai zo da rai ba. Tun daga ranar addu'a ta ƙi fita bakin matar nan. Ba saɓo ta yi ba, ba ta kuma ce ta bar bin Almasihu ba. In ta buɗe baki za ta ce "Ubanmu", sai ta kasa ƙarasawa. Abin da ya fi ci mata rai ke nan, tana tsoron kada ita ma ta mutu a haka, ba ta magana da Mahaliccinta.

Fasto ya zo ya karanta mata ayoyi masu sanyaya zuciya. Matan zumunta suka zo cikin ankonsu, suka yi waƙa, suka bar mata hatsi da sabulu. Kowa ya yi iya ƙoƙarinsa, amma makoki na ƙarewa kowa ya koma hidimar gidansa, haka duniya take. Ita kuwa ta daina zuwa sujada, don kunya take ji a ce "mu yi addu'a", kowa ya sunkuyar da kai, ita tana zaune kamar kututture. Ta rufe ƙofarta ta duƙufa kan aiki. To, a garin nan mutum ɗaya ba ya gashin tukwane. Magina kan jira juna, su tara nasu wuri guda, a jera, a lulluɓe da kara da busasshiyar ciyawa, wata na lura da iska, wata na ƙara wuta. Matar nan ba ta son ganin kowa. Sai ta kwashi tukwanenta tun ba su gama shan iska ba, ta kai su bayan gida ta cinna musu wuta ita kaɗai. Tana tsaye tana jin su suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Aikin rani guda ya koma tsingaro.

Tana da wata ƙawa mai sayar da itace, wadda aka yi musu baftisma tare tun suna 'yan mata. Daga gidanta da ke ƙetaren rafi ta hango hayaƙin, ta taho. Ta tsaya ta dubi tarin tsingaron, ba ta yi jaje ba, ba ta jawo aya ba. Cewa ta yi, "Ƙawata, ko akuya ba ta wannan ɓarnar. Miƙo min turmi." Suka shiga dakan tsingaron, don duk magini ya san in aka gauraya garin tsohuwar tukunya da sabon yumɓu ya fi jure wuta. Da suka gama, ƙawar ta ce za ta yi addu'a kafin ta tafi.

Maginiyar ta ce, "Ni fa yanzu ba na iyawa."

"Wa ya ce ki yi? Ke dai riƙe min hannu, taɓaryarki ta gama da shi."

Haka aka yi ta yi. In hantsi ya yi, mai itace ta sauke kayanta a kasuwa, sai ta biyo. Su taka yumɓu tare, su yi hirar marigayiyar ba tare da kaucewa sunanta ba, har da rashin jin da ta yi tana ƙarama. Wata rana su yi dariya, wata rana kuka. Sannan ɗaya ta yi addu'a, ɗaya ta yi shiru. Ko sau ɗaya ƙawar ba ta tambaye ta yaushe za ta koma coci ba.

Ana nan damina ta faɗi. Ran nan hantsi ya wuce, rana ta take, mai itace ba ta zo ba. Washegari ma shiru. Maginiyar ta gyara ɗaurin zane, ta tsallake rafin da ya fara kawo ruwa, ta tarar da ƙawar a kwance. Ashe santsi ne ya kwashe ta a kan dutse da kayan itace a ka, ƙafa ta karye, maɗori ya ɗaure ta da karare. Mace mai barkwancin nan ta yi zuru-zuru, tana cewa in ƙafar nan ba ta kama ba wa zai ciyar da yaranta, kuma ita yau ta rasa abin da za ta faɗa wa Ubangiji. Maginiyar ta waiga cikin ɗakin, babu fasto, babu dattijon ikilisiya, daga ita sai ƙawarta. Ta durƙusa gefen tabarmar don ta gyara mata mayafi, sai ta ji bakinta yana cewa, "Ya Uba, ga 'yar'uwata. Ka taimake ta." Iyakarta ke nan. Amma addu'ar ta fita. Ran Lahadi ita ce ta je coci ta shaida wa matan zumunta halin da ake ciki, ta zauna har aka tashi, aka raba wa juna kai abinci da ɗebo ruwa.

Ka lura, abin da ta kasa roƙa wa kanta, shi ta roƙa wa wata. Da kuwa waccan ba ta yi ta tsallako rafi ba lokacin da babu abin da take samu sai shiru, da wannan ba ta tsallaka ba ranar da aka buƙace ta. Ba a banza Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take ba.