Kyautar Matar Bature

Garzali, masinjan Baturen gyaɗa, ya lakato farin abin da cokali ya shafa wa Malam Ƙasimu a burodi.

"Sunansa mayonis, cimar Turawa. Ku da ba ku san komai ba sai daddawa, ku ci a hankali."

Dattawan zauren nan na Gyaɗi-Gyaɗi suka ci har da suɗe yatsu. Garzali ya dube su sheƙeƙe. Wane su! Shi ne fa matar Bature ta miƙa wa kwalbar hannu da hannu.

Sai ga Polycarp, kukun gidan Baturen, a kan keke zai wuce Tarauni.

"Kuku, gaya wa ƙauyawan nan wa ya ba ni wannan!"

"Madam ce mana," in ji Polycarp. "Likitan dabbobi ne ya hana karenta, wai maiƙon yana sa shi zawo. Kwana uku yana lasa a cikin kwalbar. Na ce a zubar, ta ce a ba Garzali, shi ba abin da zai same shi."

Malam Ƙasimu ya ajiye burodinsa a hankali.

"Kwanon da kare ya lasa wanki bakwai ne. Garzali, ciki fa, sau nawa?"